CIWON DAJIN HANTA: DAGA CIKIN ƘWAYAR JIKI ZUWA BAKIN RUMBU

Wannan jawabi ne da wani likita ya yi wa ɗaliban yaƙi da jahilci, maza da mata, a ƙasar Dambatta lokacin cirar gyaɗa. Mun buga shi domin malamai su karanta wa ɗalibansu a aji.

 

An ce in yi magana a kan ciwon daji, wanda wasu ke kira sankara, 'yan boko kuma su ce kansa. Daji iri-iri ne. Na zaɓi na hanta domin shi ne yake ɗauke mana magidanta suna tsakiyar ƙarfinsu, kuma shi ne wanda manomi yake da abin yi a kansa tun daga gona.

Da wuya a ce akwai wanda bai taɓa ganinsa ba a cikinku. Mutum ɗan shekara 35 ko 40, yana noma, yana cin kasuwa, sai ya fara jin nauyi a ƙarƙashin haƙarƙarinsa na dama. Abinci ya fita daga ransa, ya dinga ramewa, ciki kuwa yana kumbura. Can gaba idanu su yi rawaya irin na mai shawara. Sai a ce sammu ne ko jifa. A yi ta jiƙe-jiƙe, a tsattsaga cikin, a sayar da akuya, a sayar da sa, wani har a jinginar da gona. Kafin a kai shi asibitin Malam Aminu Kano, aikin gama ya gama. A shekarar 2017 likitoci daga ƙasashen Afirka da dama, har da Nijeriya da Gana, sun haɗa bayanan masu wannan ciwo. In aka cire Masar, rabin marasa lafiyar ba su kai wata 3 a raye ba bayan an gano shi. Dalili kuwa, ba a zuwa asibiti sai ya ci jiki, alhali abin da ya haifar da shi ya yi shekara 20 ko 30 yana aiki a ɓoye. To wannan aikin ɓoye nake so mu leƙa yau. Ku ɗan yi haƙuri da ni, za mu shiga inda ido ba ya gani, sannan mu fito bakin rumbu.

Jikin ɗan Adam an gina shi da ƙananan ƙwayoyi, kamar yadda ake gina soro da tubali. Ba a ganinsu sai da madubin likita. Yawansu ya kai miliyan sau miliyan har sau 30. A cikin kowace ƙwaya, ban da jajayen ƙwayoyin jini, akwai wani siririn zare. Shi ne gadon da mutum ya zo da shi duniya, rabi daga uwa, rabi daga uba. Masana suna kiransa DNA, mu sai mu ce zaren gado. A jikin zaren nan akwai rubutu. Ku da kuka sha fama da abacada za ku yi mamaki, domin haruffansa huɗu ne kacal, A da C da G da T. Amma an jera su sau biliyan 3 a ɓangaren uwa, sau biliyan 3 a ɓangaren uba. Rubutun kuwa umarni ne. Wani wuri ya ce a yi jini, wani ya ce a yi ƙashi, wani ya ce ƙwaya ta rabu biyu don jiki ya girma, wani kuma ya ce ya isa haka, a tsaya.

Da za a zaro zaren ƙwaya guda a miƙe shi, zai kai mita 2, wato ya fi dogon mutum tsawo. Yaya aka yi ya shiga cikin abin da ido ba ya gani? Iyayenmu mata da suka yi kaɗi, da masaƙan Minjibir, sun san amsar. Naɗe shi aka yi. Akwai wasu 'yan dunƙule-dunƙule da zaren yake zagayewa kamar yadda zare ke zagaye mazari, sai dai kowanne zagaye kusan biyu kawai yake ɗauka, zaren ya wuce zuwa na gaba. A ƙwaya guda akwai irin wannan mazari wajen miliyan 30. Wani Ba'amurke mai suna Roger Kornberg ne ya bayyana wannan tsari a 1974, yana aiki a Kambirij ta ƙasar Ingila. Zaren da mazarinsa a haɗe su ake kira kuromatin.

Ga inda maganar take. Rubutun da yake naɗe tamau ba ya karantuwa. Ƙwayar ido da ƙwayar hanta rubutu iri ɗaya suke ɗauke da shi, harafi da harafi. Abin da ya bambanta su shi ne wane sashe aka warware aka karanta, wane aka bari a naɗe. Ke nan dole akwai masu aikin warwarewa da naɗewa. Akwai su kuwa. Wasu sinadaran furotin ne, sun fi 10, suna aiki tare kamar 'yan gayya. Su kama mazari su tura shi gaba, ko su ja shi baya, ko su cire shi ɗungum, don wurin da ake buƙata ya buɗe a lokacin da ake buƙatarsa. A littattafan likita sunansu SWI/SNF. Wannan suna ba zai zauna a bakin kowa ba, saboda haka zan kira su 'yan warwara. Abin dariya, ba a jikin mutum aka fara gano su ba. A yis ɗin da ake kwaɓa burodi da shi aka fara ganin alamarsu a 1984, lokacin da masu bincike ke neman dalilin da ya sa wani yis ya kasa cin sukari.

 Sai a 1998 wasu likitoci a cibiyar Curie da ke birnin Faris na ƙasar Faransa suka binciki wani mugun daji da ke kama ƙoda ko ƙwaƙwalwar ƙananan yara, yawanci 'yan ƙasa da shekara 3. Suka tarar ɗaya daga cikin 'yan warwara, wanda ake kira SMARCB1, babu shi sam a cikin ƙarin. Da aka samu na'urorin karanta zaren gado tun daga farko har ƙarshe, sai aka ga abin al'ajabi. Sauran rubutun kusan lafiyarsa lau. Umarnin da ke cewa ƙwaya ta balaga ta daina rabuwa yana nan daram, ba a goge shi ba. Amma yana naɗe, kuma mai buɗe shi ba ya nan. Kamar a ce wasiƙar da za ta raba gardama tana cikin akwati, makulli kuwa ya ɓata. Sai ƙwayar ta yi ta rabuwa, 2 ta zama 4, 4 ta zama 8, ba mai ce mata tsaya. Wannan tarin shi ne ƙari, in kuma ya fara cin maƙwabtansa yana yaɗuwa, shi ne daji. A 2013 aka tattara sakamakon bincike masu yawa, aka ga cewa a cikin kowane ciwon daji 5 na 'yan Adam, kusan 1 yana da lahani a jikin ɗaya daga cikin 'yan warwaran nan.

Bari in ɗan ratse, domin wannan SMARCB1 ya shafe mu ta wata hanya. Kun san kusan mutum 1 cikin 4 a Nijeriya yana ɗauke da rabin gadon sikila, wato AS. A 1995 likitoci a Amurka suka bayyana wani dajin ƙoda da kusan ba ya kama kowa sai masu wannan gado, yawanci samari, kuma daga baya aka ga shi ma rashin SMARCB1 ne tushensa. Kada hankalin mai AS ya tashi, ciwon ba shi da yawa ko kaɗan. Na kawo shi ne saboda alamarsa fitsarin jini ce, mu kuwa nan duk fitsarin jini tsargiya muke ce masa, musamman a garuruwan da ke kusa da madatsar Tomas da ta Watari. In an sha maganin tsargiya jini bai tsaya ba, ko akwai ciwo a kwiɓi, a je a ɗauki hoton ƙoda.

Mu koma kan hanta. A can wanda aka fi samu da lahani cikin 'yan warwara shi ne ARID1A, kamar a ciwo 1 cikin 10. Halinsa kuma yana da wuyar sha'ani. A 2017 masu bincike a garin Dallas na Amurka suka gwada shi a jikin ɓeraye. A farkon al'amari, yawan aikinsa ne yake taimaka wa ƙari ya tsiro a hanta, har ɓerayen da aka cire musu shi suka fi tsira. Amma in ƙari ya riga ya kafu, rashinsa ne yake sa ciwon ya yi sauri ya bazu zuwa wasu sassan jiki. Abu ɗaya, aiki biyu, gwargwadon lokaci. Ruwan da ake roƙo a watan shuka, ai shi ake gudu ranar shanya. Wannan ya isa ya nuna muku cewa mai lasifika da ke yawo kasuwa-kasuwa da kwalba ɗaya, yana cewa tana maganin kowane irin daji, kuɗinku kawai yake so.

To me yake lalata 'yan warwara? Su ma daga rubutun nan ake ƙera su. In harafi ya canza a wurin da aka rubuta yadda za a yi su, sai ma'aikacin ya fito a gurgunce, ko ya ƙi fitowa. Kun san aikin harafi ɗaya. Ka rubuta wa ɗanka da ke birni ya aiko da buhun gero, hannu ya kuskure ka sa O a wurin E, sai ga buhun goro. Irin wannan kuskure yakan faru ne a lokacin da ƙwaya za ta rabu, domin sai ta kwafe rubutun duka. Hanta mai lafiya ba ta cika rabuwa ba. Amma hantar da ake ji wa rauni kullum, tana mutuwa tana sake tohowa, ita ce ke yawan kwafa, kurakurai su yi ta taruwa shekara da shekaru har su kai ga wuraren da bai kamata a taɓa ba. A ƙasarmu manyan masu ji wa hanta rauni guda biyu ne, kuma dukansu an san su.

Na farko ƙwayar cutar hanta ce, wadda a asibiti ake kira hefataitis B. Binciken da gwamnatin tarayya ta yi a 2018 ya nuna mutum 8 cikin 100 na 'yan shekara 15 zuwa 64 suna ɗauke da ita. Wato a taro irin wannan ba za a rasa ba. Ban ce kowa ya dubi na kusa da shi ba, domin mai ita ba ya nuna alama, shi kansa yawanci bai sani ba. Ta jini take shiga, da ta wajen haihuwa, da ta saduwar aure. Ba a ɗaukarta ta gumi, ko musafaha, ko cin tuwo a kwano ɗaya. Wanda ya kamu yana babba, yawanci jikinsa yakan kore ta. Jariri kuwa, 9 cikin 10 takan zauna musu har girma. Wayonta shi ne, in ta shiga ƙwayar hanta, sai ta naɗe nata ɗan zaren a kan irin mazarin nan namu, ta zauna kamar 'yar gida. Shi ya sa maganin da ake bayarwa, irin su tenofobir, yake danne ta ya hana ta ɓarna amma ba ya tumɓuke ta. Wanda likita ya ɗora a kan magani kada ya daina don ya ji sauƙi.

Akwai allurar rigakafi, kuma tun 2004 tana cikin alluran da ake yi wa jarirai kyauta a Nijeriya. Ƙasar Taiwan ta fara yi wa jarirai a 1984, cikin 'yan shekaru dajin hanta a tsakanin yara ya ragu da kusan rabi. Gambiya, 'yar uwarmu ta Afirka ta Yamma, ta fara a 1986. Sai dai akwai sharaɗi. Allurar farko ana so a yi ta cikin awa 24 da haihuwa, sauran kuma a mako 6, da 10, da 14. A nan muke da matsala, domin yawancin haihuwa a gida ake yi, kuma al'ada ta ce jariri ba ya fita sai bayan suna. Kwana 7 ya yi nisa. Ni a ganina wannan aikin maigida ne. Mai jego ba sai ta fita ba. Kaka ko gwaggo ta rungumi jaririn, kai ka nemo babur, a je asibitin sha-ka-tafi a dawo kafin ruwan wanka ya tafasa. Wanda ya iya neman ragon suna ba zai kasa wannan ba.

Wanzamai, ku gafarce ni, sana'arku mai daraja ce, kuma ku ne kuke taɓa jinin jariri tun yana ɗan kwana 7. Askar da aka yi wa wani kaciya ko tsaga ko cire beli da ita, shafa ta a tsumma ba ya kashe wannan ƙwaya, tana iya yin mako guda a busasshen jini da ranta. A wanke kayan aiki, a tafasa su minti 20, ko a yi amfani da sabuwar reza ga kowane mutum. Haka ungozoma wajen yankan cibiya, haka masu yankan farce a kasuwa, haka mai kemis da allurarsa.

Na biyu yana cikin abincinmu. A 1960, lokacin dalar gyaɗa tana tsaye a Kano, talo-talo fiye da 100,000 suka mutu a Ingila. Da aka bi sawu, sai aka tarar tunkuzar gyaɗa ce da aka kawo daga Barazil. Wata fumfuna ce mai launin kore-kore da rawaya ta kama gyaɗar ta zuba mata guba, aka sa wa gubar suna afalatoksin. Fumfunar nan a cikin ƙasar gona take zaune, kuma gyaɗa da masara ta fi so. In gubar ta yi yawa tana kisa nan take, kamar yadda ta kashe mutum 125 a Kenya a 2004 ta hanyar masara. Amma abin da ya fi yawa shi ne a ci kaɗan-kaɗan shekara da shekaru. Hanta ce mai tace duk abin da aka ci. Garin tace wannan guba sai gubar ta manne wa harafin G a jikin zaren gado, in aka zo kwafa ya koma T. A 1991 aka gano, a ƙasar Sin da kudancin Afirka, cewa akwai wuri guda da take yawan bugu, daga baya aka ga haka a Gambiya. Wurin kuwa shi ne inda aka rubuta yadda za a yi mai gadin ƙwaya, wanda aikinsa shi ne ya tsayar da duk ƙwayar da ta lalace ko ya kashe ta. In mai gadi ya faɗi, kuskuren da ya sami 'yan warwara ko wani wuri ba mai tare shi. An ƙiyasta cewa mai ƙwayar cutar hanta da ke cin wannan guba, haɗarinsa ya kai ninki 30 a kan wanda ke cin gubar ba shi da ƙwayar.

Yanzu mun fito bakin rumbu. Fumfunar tana samun ƙofa ne in gyaɗa ta wahala. Shekarar da ruwa ya ɗauke da wuri, kamar yadda yake yi mana a nan arewacin Kano, gyaɗa tana ƙasa tana shan zafi, a lokacin take shiga. Haka in gara ta huda kwanso, ko fartanya ta fasa shi, ko an bar gyaɗa ta wuce lokacin cira. Bayan cira kuma, tarawa a ƙasa da danshi, ko ruwan ƙarshe ya doki shanya, ko a ɗura a buhun leda ba ta gama bushewa ba. Wuta ba ta kashe gubar. Suya, dafuwa, tuƙa tuwo, duk tana nan.

Akwai wata ɗabi'a tamu da nake so mu duba da idon basira. In an ɓare gyaɗa, mai kyau ita ake aunawa a kai Dawanau. Ƙanƙanannu, da masu baƙi, da waɗanda suka yamutse, su ake bari a gida a yi miya, ko a sayar da araha ga mai ƙuli-ƙuli, ko a miƙa wa yara. Gubar kuwa a cikin waɗannan ta fi taruwa, kuma in an matse mai, yawancinta a tunkuza take zama. Wato mun sayar wa baƙo lafiya mun ajiye wa 'ya'yanmu ciwo. Zuba wa saniya ko akuya ma ba mafita ba ce, domin tana fitowa a nono. Abin da aka tsince a binne shi ko a ƙone. Na san ba ƙaramin abu ba ne a ce wa mai iyali ya zubar da kwano guda na gyaɗa a wannan zamani. Amma ku auna shi da kuɗin sa da aka sayar aka kai mara lafiya Kano. Wadda kuma ka tauna ka ji ɗaci, tofar da ita.

An gwada gyara a ƙasar Gini, aka buga sakamakon a 2005. Ƙauyuka 20 aka ɗauka na manoman gyaɗa irinku. A guda 10 aka ce su tsince marasa kyau da hannu, su yi shanya a kan tabarma maimakon ƙasa, su bari ta bushe sosai, su zuba a buhun algarara mai shan iska, su ɗora buhunan a kan katako, su sa maganin ƙwari a ɗakin ajiya. Sauran 10 suka ci gaba yadda suka saba. Bayan wata 5 aka auna jinin mutane. Gubar da ke jinin mutanen ƙauyukan farko ba ta kai rabin ta sauran ba. Babu abin da suka yi amfani da shi wanda babu shi a kasuwar Dambatta. Gwajin bushewa ma kun fi ni saninsa: a girgiza kwanso a ji ƙwaya tana kaɗawa, a ciji masara a ji ta fashe ƙaras. Buhun nan mai ninki uku da kuke ajiye wake yana da kyau ga masara, amma sai wadda ta bushe ƙayau. Kuma kada masara ta kore mana gero da dawa daga tukunya, domin su fumfunar ba ta cika kama su kamar masara ba.

Ga mai hali, akwai Aflasafe, wanda cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ta haɗa. Ƙwayar dawa ce da aka rina shuɗi, aka shafa mata irin fumfunar da ba ta yin guba. Ana watsa kilo 10 a hekta guda, mako 2 zuwa 3 kafin amfani ya yi fure, sai marar gubar ta riga mai gubar kama wuri. Ku tambayi malamin gona.

Saura gwaji. Tun 2024 dokar Jihar Kano ta ce masu niyyar aure su yi gwajin jini kafin a ɗaura, har da na ciwon hanta da na sikila. Mu da muka riga muka yi aure ba wanda zai tilasta mana, sai mu kai kanmu. Ɗigon jini ne daga yatsa, a tambaya a babban asibitin Dambatta ko na Bichi. In an samu mutum da ita, a gwada matansa da 'ya'yansa, wanda ba shi da ita a yi masa allura 3, ya tsira. Mai ɗauke da ita ya nisanci giya da jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke cikinsu ba, ya riƙa zuwa ana duba hantarsa da hoton ciki duk wata 6 in likita ya ce haka. Ƙarin da aka gani yana ƙarami kamar goro ana iya yanke shi. Mace mai ciki kuma ta nemi gwajin a wajen awo, domin akwai maganin da ake ba ta a watannin ƙarshe don kare abin da za ta haifa.

Ranka ya daɗe, a nan zan dakata. Masu tambaya bismillah, amma a bar iyayenmu mata su fara, domin su ne masu tsince gyaɗar.